Wata Tara Ina Cewa To

A gidanmu ni ce mai baki, kowa ya sani. Tun ina ƙarama, in aka yi rabon nama aka cuce ni, sai maƙwabta sun ji. Na yi rigima da masu adaidaita a Kano, na yi da ma'aikatan rajista a jami'ar da nake koyarwa, na yi da dangin mijina a wurin suna, kuma ban taɓa komawa gida ina cewa da na sani na faɗa ba. Mutum ɗaya ne bakina yake mutuwa a gabansa, shi ne wanda ya zauna ya koyar da ni. Babanmu malamin makaranta ne, haka ya raine mu. In malaminka ya yi magana ka sunkuyar da kai ka ce to, ko da ranka bai so ba, don albarkar karatu a nan take. Wannan to ɗin ce ta kusa koro ni daga Manchester.

Na je yin digiri na uku ne a kan tsofaffin waƙoƙin Turanci, waɗanda aka rubuta fiye da shekara dubu da suka wuce, da wani irin Turanci da in ka karanta wa Baturen yau a tashar bas zai ɗauka wani yare kake yi masa. Ni ma sai da na koye shi daga tushe kamar 'yar aji ɗaya. Abin da ya ja ni gare su shi ne, mawaƙan nan ba a ka suke ajiye hankalin mutum ba, a ƙirji suke ajiye shi. In mutum ya fusata sai su ce abin da ke ƙirjinsa ya yi zafi, ya kumbura, ya tafaso, wurin ya yi masa ƙunci. In ya samu sauƙi su ce ya huce, ƙirjin ya buɗe. Wani lokaci su mai da ƙirjin taska mai makulli, inda mutumin kirki yake kulle damuwarsa kada kowa ya gani, kuma suna yabon mai yin haka ƙwarai. Wani lokaci su mai da shi gari mai ganuwa da maƙiyi ke harbo wa kibiya. Tunani kuwa su ce abu ne mai kufcewa ya yi nisa, sai an ɗaure shi.

Ranar da na fara cin karo da su, a ofishina a gida, ba wuta, ina fifita da jadawalin jarrabawa, da ƙarfi na ce, "Kai, wannan ai Inna ce!" Mahaifiyarmu ba ta taɓa nuna kanta ba in tana maganar damuwa. Tafin hannu take ɗorawa a ƙirji ta ce nan ne ya cika, nan ne yake tafasa. Masana sun saba cewa duk maganganun mawaƙan nan adon harshe ne, kwatance ne kawai. Ni kuma na ce ba duka ba. Wasu kwatance ne, amma wasu rahoto ne, mutanen suna faɗin inda suke jin abin ne a jikinsu, kamar yadda Inna take yi. Da wannan maganar na nemi gurbi, da ita aka ɗauke ni, da ita na hau jirgi na bar miji da aiki.

Malamar da aka ba ni ta duba aikina tsohuwa ce, 'yar siririya, kan nan fari fat, a keke take zuwa ko ana ruwa. Ofishinta yana kallon Oxford Road, in bas ta tsaya a ƙasa sai gilashin taga ya yi rawa. Ranar farko ta ce in riƙa kiran ta da sunanta. Na ce to, kuma har na bar ƙasar ban taɓa kiran sunan ba. Ina zan iya? Sa'ar Inna ce.

Wata guda da zuwana na kai mata shafi talatin. Duk abin da ke raina na zuba a ciki, har da Inna da tafin hannunta. Da na koma bayan mako biyu na tarar ta cika gefen takardun da fensir. Ta zuba mini shayi, ta matso da kujera, idon nan nata yana ƙyalli, ta ce, "Ban yarda ba. Ta yaya kika san mahaifiyarki ba kwatance take yi ba ita ma? Kuma me ya haɗa wata mata a Kano da mutanen da suka mutu shekara dubu? Ban gamsu ba ko kaɗan." Tana faɗa tana murmushi.

Ina da amsa, ko aƙalla rabin amsa. Tana nan a maƙogwarona. Amma malama ta yi magana. Na kalli kafet ɗin ofishin, wani ruwan toka mai ɗigon ja da har yau in na rufe ido ina ganin sa, na ce na gode, zan gyara. Ta ɗan yi jim kamar tana jiran wani abu. Da ba ta ji komai ba, ta ce, "To shi ke nan," ta miƙo mini takardun.

Da ƙafa na koma Hulme, unguwar da nake zaune, ruwa yana tsattsafi, ina tafe ina ba ta amsa da Hausa. Wallahi da ta ji abin da na faɗa mata tsakanin ofishinta da ƙofar gidan da nake haya, da ta san ta haɗu da mai baki. Na shiga kicin na ci gaba da yi wa tukwane bayani. Da na gama, sai na buɗe kwamfuta na goge shafi talatin ɗin nan kaf, na bi su inda ake ajiye abin da aka goge na sake gogewa, don kada zuciya ta ja ni in koma musu. Takardun kuwa ko shafi huɗu ban karanta na rubutun fensirinta ba, na sauka ƙasa na jefa su a kwandon sharar takardu na council, wato ƙaramar hukuma. A ganina biyayya na yi. Malama ta ce a'a, magana ta ƙare.

Haka muka yi wata tara. Duk bayan mako uku in kai mata rubutu, ta nemo wurin da na ɗan ɗaga kai na faɗi ra'ayina, ta ɗora fensir a kai ta ce, "Kin tabbata?" Ni kuma in ce to, in je in cire. Ta ce wannan fassarar tana da ja, in cire. Ta ce wani zai iya cewa akasin haka, in cire. Na zama kamar mai tsince shinkafa, sai dai ni shinkafar nake zubarwa ina ajiye tsakuwar. Abin da ya rage a ƙarshe jeri ne kawai. Ga wuraren da aka ce ƙirji taska ne, guda kaza. Ga inda aka ce tukunya ce. Ga inda aka ce gari ne. Na shirya su tsaf, ba kuskure ko ɗaya, kuma ko ni da na rubuta in na karanta hamma nake yi.

Na lura fuskarta tana canjawa. Ƙyallin idon ya ragu, ta daina matso da kujera. Ta koma tambaya ta ko ɗakina yana da ɗumi, ko ina samun abincin da nake so, ko na yi rajista da GP, likitan unguwa. Na ɗauka tsufa ne. Har addu'a nake yi mata.

A ƙarshen shekarar farko akwai kwamitin malamai uku da ke zama su duba ko aikin ɗalibi ya isa a bar shi ya ci gaba. In bai isa ba, a sauke shi zuwa ƙaramin digiri, ya tattara ya koma. Saura mako uku a zauna aka turo mini rahoton da malamata ta rubuta musu. Ina cikin bas na buɗe shi a waya. Ta ce ɗalibar tana da ƙwazo, ta iya tsohon harshen, aikinta a tsare yake. Sannan ta ce amma har yanzu babu wata hujja da ɗalibar ta tsaya a kai, kuma tana shakkar ko aikin zai kai matsayin digiri na uku.

Babu hujja! Inna lillahi. Ke da kika sa na yanke ta da hannuna? Na wuce tashar da zan sauka ban sani ba, sai da na gan ni a wata unguwa da ban taɓa zuwa ba. Na tuna abokan aikina a gida, musamman wani da ya ce a gaban mutane wai an ɓata gurbi, an tura mace ta je ta karanta Turancin matattu. Na ga fuskarsa ranar da zan dawo hannu rabbana. Na ga mijina yana cewa ba komai, Allah bai yi ba, da muryar nan tasa mai sanyi da ta fi zagi ciwo. Ƙirjina ya yi zafi har sai da na kwance gyalen wuyana. Kuma duk da haka, ka san amsar da na tura mata? Na gode da rahoto, zan ƙara ƙoƙari.

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham. Yayanmu, babban ɗan Inna, likitan zuciya ne a can, shekararsa goma sha wani abu a ƙasar. A lokacin Inna ta zo ganin jikoki, tana zaune da su ba ta jin Turancinsu, su ma ba sa jin Hausarta, sai dariya da nuni. Ban je don in faɗa wa kowa komai ba. Na je ne in ci tuwo in kalli Inna.

Yaya kuwa bai taɓa ɗaukar karatuna da muhimmanci ba. Ina shiga ya ce, "A'a, Farfesa! Yaya matattun naki? Sun gaya miki wani sabon abu?" Muna cin abinci ya ci gaba. Wai shi kullum hannunsa a kan zuciyar mutane yake, famfo ce kawai, tsoka ce mai tura jini, bai taɓa buɗe ƙirji ya tarar da tunani a ciki ba. Na ce masa ai shi ko an buɗe kan ma ba lallai a tarar ba. Matarsa ta ƙware da dariya. Da shi bakina lafiya lau yake aiki.

Inna ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, Likita take ce masa, kuma ko shi ɗin ba ta cika faɗa a gabansa ba. Ta gama lomarta ta ce, ba tare da ta kalle shi ba, "Wasu dai sun yi karatu sun manta inda abu yake yi musu ciwo."

A nan ne tambayar malamata ta faɗo mini. Wata tara tana cikina ban taɓa tunanin in kai ta ga mai ita ba. Na ce, "Inna, don Allah in tambaye ki. In kika ce zuciyarki ta tafasa, da gaske zafi kike ji, ko dai kwatance ne, irin na magana?"

Ta kalle ni kamar na tambaye ta ko ruwa yana jiƙa mutum. Ta ce, "Auta, karatun nan lafiya kuwa?" Ta ɗora tafin hannu a ƙirji, daidai ƙasan wuya. "Ranar da aka shigo aka ce babanku ya cika, nan wurin wuta ya kama. Ba kamar wuta ba, wuta. Kofi uku na sha na ruwan randa kafin in iya yin salati da ƙarfi."

Na ce, "To in an ce wane zurfin ciki gare shi fa? Shi ma da gaske cikin nasa zurfi ne da shi?"

Ta ce, "Ke dai da shirme. Wannan ai magana ce. In zuciyar mutum ta tafasa me ake yi masa? Ruwa ake ba shi, a zaunar da shi a inuwa, a yi masa fifita. Mai zurfin ciki kuwa, kin taɓa ganin an ɗauko masa guga da igiya?"

Na ajiye cokali. Amsar ke nan, a bakin teburin Yaya, da miyar kuka a hannunta. In kana son ka san wace magana ce rahoto wace ce ado, duba abin da mutane suke yi wa mai ita. Inda aka kawo magani na jiki, to a jiki ake jin abin. Kuma na san a waƙoƙin nan nawa akwai wuraren da zafin ƙirji yake tafe da sanyaya shi, da numfashi, da hawaye masu zafi, alhali taskar nan mai makulli ba wanda ya taɓa nemo mata maƙeri. Ba cewa zan yi Inna da mawaƙan abu ɗaya ne ba. Inna ta ba ni ma'auni ne, ni kuma in je in auna su da shi. Har Yaya ma ya ce gaskiya akan zo masa da ciwon ƙirji, a yi duk gwajin duniya ba a ga komai ba, sai ya zauna da mutum ya ji ashe rasuwa aka yi masa.

Daɗin da na ji ne ya sa bakina ya suɓuce. Na ce ai tambayar malamata ce, tun farkon zuwana ta yi mini ita. Inna ta ce, "Me kika ce mata?"

"Na ce to."

"Madalla," in ji Inna. "Haka ake yi."

Yaya kuwa ya tsaya da loma a hannu. "Kika ce me? Sannan kika yi yaya?" Na ce na cire babin. Ya ce wane babin. Na ce duk. Daga nan sai komai ya fito, har rahoton, har kwamitin da ya rage kwana goma sha tara. Na miƙa masa wayar ya karanta. Ya dafe kai.

"Ke! Ke da kika hana mu sakat a gida? Nan ƙasar in malami ya ce bai yarda ba, kokawa yake gayyatar ki. So yake ki kama shi ki kayar. In ya ga abu ba shi da amfani ba ya ɓata fensirinsa, cewa zai yi interesting, abin sha'awa, ya wuce." Ya ce shi ma shekararsa ta farko a asibiti haka ya yi, babban likita yana tambaya a zagayen marasa lafiya shi yana sunkuyar da kai don ladabi, har aka rubuta cewa bai san aiki ba. Sai da wata nas ta ja shi gefe ta gaya masa.

Na ce, "Kuma ka san haka, ka bar ni? Wata tara kana tambaya ta labarin matattu, ba ka taɓa cewa ga yadda ake yi da masu rai ba?" Ya ce ina ya san ni zan iya yin shiru a gaban wani ɗan Adam. Muka kaure, murya ta tashi, yaran suka leƙo daga falo. Haushinsa nake ji, da na malamata, da na Baba a kabarinsa, Allah ya yafe mini, amma wanda ya fi duka nawa ne.

Inna ta bari muka gaji. Sannan ta ce, "Ita malamar, babba ce?" Na ce sa'arta ce. Ta jinjina kai, abin bai yi mata daɗi ba, na gani. Ta jima tana juya kofin ruwa. Can ta ce, "Babanku ai yana ja da malaminsa na zaure. Ba ku gani ba ne, kuna yara. Sai ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya ce Allah gafarta Malam, sannan ya buɗe littafi ya nuna masa wurin. Ladabi ya koya muku, bai ce ku zama kurame ba. Ki je ki gaishe ta tukuna. Sannan ki faɗa mata."

Ranar Talata na ƙwanƙwasa ofishin. Na gaishe ta, na tambayi lafiyarta, na tambayi keken, har ta fara kallo na da mamaki. Sannan na kalli kafet ɗin nan na ce ina da amsar tambayar da ta yi mini wata tara da suka wuce. Muryata rawa take yi, ni da na taɓa tsayar da layin banki da faɗa. Na ba ta labarin ruwan randa da guga da igiya. Na jawo wurare huɗu daga waƙoƙin da na kwana biyu ina tonowa. Ban san lokacin da na ɗago kai ba, sai dai na ga ta matso da kujera.

Ta jawo aljihun tebur na ƙasa, ta fito da wasu takardu da aka maƙale da ƙarfe, ta ajiye a gabana. Shafi talatin ɗina ne. Ta yi wa kanta kwafi tun ranar, da rubutun fensirinta da komai. Ta ce, "Wannan shi ne aikinki. Saboda shi na ce a ba ni ke. Na yi ta jira ki dawo da shi."

Na ce, "To me ya sa ba ki faɗa ba?" Haka na faɗa, ba Allah gafarta ba komai.

Fuskarta ta yi ja har kunne. Ta ce da ta ga na cire shi gaba ɗaya, ta ɗauka ta ɓata mini rai ne da ta sa mahaifiyata a cikin gardama, ta ji kunya, ta ce ba za ta sake tayar da maganar ba sai na tayar. Daga baya kuma ta ɗauka ni ce ban yi imani da shi ba. Ta tambaye ni ni ma me ya sa ban ce komai ba. Na ce girmama ta nake yi.

Muka zauna muna kallon juna, bas tana girgiza taga. Mata biyu da suka san duk wani baiti da aka yabi mai kulle ƙirjinsa, mun yi wata tara kowa ta kulle nata, tana ganin kirki take yi wa 'yar'uwarta. Ban ji dariya ba, kuma ban ji tausayi ba a lokacin. Takaici na ji, irin wanda yake sa mutum ya rasa wanda zai mara. Na tambaye ta ko za ta iya janye rahoton. Ta ce ya riga ya shiga, kuma abin da ta rubuta gaskiya ne game da abin da na miƙa. Za ta iya ƙara takarda guda a kai, amma a ɗakin kwamiti ba a ba ta damar magana. Ni kaɗai zan yi.

Na ɗauki kwafinta na sake buga shi da hannuna, kalma bayan kalma, ina karanta fensirin da na ƙi karantawa a da. Rabin abin da ta rubuta ja ne, rabin kuwa hanya take nuna mini, ga littafin da zan duba, ga inda hujjar ta fi ƙarfi. Duk wannan na jefa a kwandon council. Kwana goma sha shida ba sa gyara wata tara. Abin da na kai wa kwamitin ɗanye ne, ni ma na sani.

Ɗakin da kwamitin ya zauna ƙarami ne, ba taga sai ɗaya. Malamai uku a gefe guda na tebur, malamata a kusurwa da littafin rubutu a cinya, ta ƙura wa tagar ido. Shugabansu wani dogo ne mai gilashin ido a goshi. Ya bar ni na yi bayanina na minti goma, ya juya takardu, ya ce, "Abin sha'awa ne labarin mahaifiyarki. Amma gaskiya ban gamsu ba. Ina ganin duk wannan adon harshe ne, kamar yadda aka sani." Ya jingina da kujera.

Zafin ya taso daidai inda Inna ta ɗora hannu. To ɗin nan ta zo har bakin leɓena, ta saba hanya, kaina ma ya fara sunkuyawa da kansa. Na ga gefen takalmin malamata yana motsi a kan kafet. Na haɗiye ta. Na ce masa na gode da ya karanta aikin da kyau, na gode da lokacinsa, ina fatan bai sha wahalar zuwa ba da ruwan nan. Ya ɗaga gira, bai san gaisuwa ce ba. Sannan na ce, "Amma ka yi kuskure, kuma zan nuna maka wurin." Na buɗe shafi na goma sha ɗaya.

Mun yi kusan awa guda. Ya kayar da ni a wuri biyu, na amsa cewa ya kayar da ni, don gaskiya ce. A wuri na uku na ƙi sakin sa har sai da ya sauko da gilashin daga goshi ya karanta baitin da kansa. Suka fitar da ni baranda, suka kira ni bayan minti ashirin. Ba su ce na wuce ba, ba su kuma sauke ni ba. Sun ba ni wata huɗu in sake rubuta komai a kan wannan hujjar, su sake zama. Wata huɗu a kan abin da yake hannuna tun ranar da na sauka daga jirgi. Malamata ta taɓa kafaɗata a bakin ƙofa, ta ce akwai abu biyu a shafi na sha ɗaya da ita ma har yanzu ba ta yarda da su ba. Na ce mata sai ranar Talata.

A barandar na kira Birmingham. Matar Yaya ta miƙa wa Inna wayar.

"Kin gaishe su?"

"Na gaishe su, Inna."

"Kin faɗa?"

"Na faɗa. Ba su kore ni ba, amma ba su sake ni ba. Wata huɗu suka ƙara mini." Na ce mata da na buɗe baki tun farko da yanzu ina shirin zuwa hutu gida, na ce ni na jawo wa kaina, na ce ƙirjina kamar zai fashe.

Ta ce, "Na ji. Akwai famfo kusa da ke?"

Akwai, a ƙarshen barandar, kusa da injin shayi. Ta ce ba za ta ajiye wayar ba sai na je. Na tafi da ita a kunne, na tara kofin roba, na sha tana jin ƙarar maƙogwarona. Ta ce in ƙara. Sai a kofi na uku ta ce, "To, je ki fara rubutun."